Gano Alajin Nikel a Fatar Matasa: Bayanin Majiyyaci, Gwajin Filasta da Gwajin Ƙarfe

Tsakure

Nikel na sahun gaba cikin sinadaran da ke haddasa alajin fata ta hanyar taɓawa, kuma matasa, musamman mata, su ne suka fi zuwa asibiti da shi. Wannan takarda ta duba hanyoyin tabbatar da cutar: sauraron majiyyaci, duba wurin da ƙurajen suka fito, gwajin filasta, da gwada ƙarfen da ake zargi. Matsayarta ita ce babu ɗaya daga cikinsu da ya isa hujja shi kaɗai, kuma ƙa'idojin karanta gwajin filasta, waɗanda aka gina kan farar fata, suna buƙatar ƙarin lura a hannun likitan da ke duba baƙar fata a ƙasa mai zafi.

Gabatarwa



Tun da masanin ma'adinai ɗan ƙasar Suwidin, Axel Cronstedt, ya gano nikel a shekarar 1751, maƙera da masana'antu suka same shi ƙarfe mai araha, mai sheƙi, wanda tsatsa ba ta cinsa da wuri. Shi ya sa ake shafa shi a kan wasu ƙarafa, ake kuma gauraya shi da su. Yana cikin 'yan kunne, sarƙa, awarwaro, kan bel, maɓallin wandon jins, ƙugiyar rigar mama, ƙarfen tabarau, makulli, har da jikin wasu wayoyin hannu. A Turai kowane zamani da abin da ya fi kawo cutar. A tsakiyar ƙarni na 20 maɗaurin safar mata ne, a shekarun 1970 maɓallin jins, daga shekarun 1980 kuma hudar kunne ta karɓe gaba.

Alƙaluman da ake da su sun isa su sa mu tsaya mu duba. Wani babban bincike da aka yi a ƙasashen Turai biyar, wato Suwidin, Holan, Jamus, Italiya da Fotugal, ya gwada mutum 3,119 daga cikin jama'ar gari, aka samu kashi 14.5 cikin ɗari suna da alajin nikel. A cikin mata adadin ya kai kusan kashi 22, a cikin maza kuwa kusan kashi 5. A garin Odense na ƙasar Denmak, Charlotte Mortz da abokan aikinta sun gwada 'yan makaranta masu shekara 12 zuwa 16 a shekarar 1995, suka samu kashi 8.6. Bayan shekara 15 suka sake bin sawunsu, lokacin sun kai kusan shekara 30, suka samu kashi 11.8. Wato ana ci gaba da kamuwa da cutar a tsakanin balaga da farkon girma, shekarun da ake ƙara hudar kunne da hanci, ake kuma yawan sayen kayan ado masu araha.

A nan gida ma ba sabon abu ba ne. A shekarar 1985 Farfesa Yetunde Mercy Olumide ta wallafa sakamakon gwajin majiyyata 453 a Legas, kuma nikel ne ya zo na farko, da kashi 12.3 cikin ɗari. Abin da ya fi jan hankalina a wannan aiki shi ne ba ta ga bambanci tsakanin maza da mata ba, ta kuma danganta hakan da yadda maza ke sa sarƙa da abin hannu kamar yadda mata ke yi. Darasin a fili yake: abin da ke taɓa fatar mutum shi ke yanke wa zai kamu, don haka kada likita ya cire saurayi daga zargi don kawai namiji ne.

Yadda cutar ke samuwa

Ƙarfen da ke zaune a bushe ba ya cutar da fata. Gumi ne ke narkar da ƙwayoyin nikel daga jikinsa, su ratsa saman fata, su maƙale wa sunadaran jiki. Wasu ƙwayoyin tsaro da ke cikin fata su ɗauki wannan haɗin zuwa kaluluwa mafi kusa, a can ne ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira T suke haddace shi a matsayin abokin gaba. Wannan matakin yakan ɗauki kamar mako biyu, kuma mutum ba ya jin komai a lokacin. Daga nan duk ranar da nikel ya sake shiga fata, sai waɗannan ƙwayoyin su taru a wurin, ƙaiƙayi da ƙuraje su biyo baya cikin kwana ɗaya zuwa uku. A shekarar 2010 Marc Schmidt da abokan aikinsa a Jamus suka nuna cewa nikel yana tayar da wata kafar faɗakarwa ta garkuwar jikin ɗan'adam mai suna TLR4 kai tsaye, abin da ke taimakawa wajen fahimtar dalilin da ya sa ya fi sauran ƙarafa kama mutane.

Abubuwa biyu likita zai riƙe daga wannan bayani. Cutar tana jinkirin fitowa, don haka majiyyaciya za ta iya sa sarƙa ranar Juma'a a gidan biki, ƙurajen su fito ranar Lahadi bayan ta daɗe da cire ta, sai ta ɗora laifin a kan sabulu ko abinci. Sannan idan jiki ya haddace nikel, galibi ya haddace ke nan har ƙarshen rayuwa. Hukuncin da za mu yanke wa yarinya 'yar shekara 20 zai bi ta shekaru masu yawa, saboda haka bai kamata a yanke shi da ka ba.

Abin da majiyyaci ke faɗa, da abin da ido ke gani

Kowannenmu ya ji maganar nan a ɗakin duba marasa lafiya: "Likita, kunnena ba ya son ɗan kunne sai na gwal." Magana ce mai amfani, kuma daga nan bincike ke farawa. Sai dai an auna nauyinta. Anna Josefson da abokan aikinta a Suwidin sun wallafa wani bincike a 2010 inda suka tambayi mata ko suna da alajin nikel, sannan suka yi musu gwajin filasta. Cikin waɗanda suka ce e, kusan kashi 60 cikin ɗari ne kawai gwajin ya gaskata. Sauran fa? Wata gumi ne da gogar ƙarfe ke fusata mata fata, wata hudar kunnen ce ta kamu da ƙwayoyin cuta, wata kuma wani ƙarfen ne daban, kamar kobalt. A ɗaya gefen kuma akwai masu alajin na gaskiya da ba su taɓa kawo ƙarfe a ransu ba.

Wurin da ƙurajen suka fito ya fi bakin majiyyaci faɗar gaskiya. Leɓatun kunne, bayan wuya inda maɗaurin sarƙa ke kwanciya, wuyan hannu ƙarƙashin agogo, gefen fuska inda ƙarfen tabarau ke taɓawa, tsakiyar baya daidai ƙugiyar rigar mama, ƙarƙashin haɓa ga mai kama mayafi ko hijabi da fil. Ga samari kuma, ƙasan cibiya. Wani ɗalibi ya zo mini da baƙin tabo mai kauri a wannan wuri, faɗinsa kamar tafin hannun yaro, fatar ta yi kaushi, layukanta sun fito saboda susa. Ya ce makero ne, an ba shi man shafawa a kemis, idan ya shafa ya lafa, idan ya daina ya dawo. Na ce ya miƙe tsaye ya ɗaura bel ɗinsa yadda ya saba. Kan bel ɗin ya zauna daidai kan tabon, kuma fentin bayansa ya goge, ƙarfen ya fito fili. Wannan dubawa ba ta cin kuɗi, amma sau da yawa ba ma yin ta, domin majiyyaci yana kwance kan gado ne muke dubawa, bel ɗin kuma yana rataye a kujera.

A baƙar fata cutar ba ta cika zuwa da jan da littattafai ke nunawa ba. Abin da muka fi gani shi ne duhu, kauri, ƙananan ƙuraje a bakin ramukan gashi, wani lokaci da hasken fata a inda aka daɗe ana shafa magani. Shi ya sa take rikiɗa da makero, ƙyasfi, ƙurajen zafi, da kircin da ake tasowa da shi tun yarinta. Akwai kuma yaɗuwa zuwa wuraren da ƙarfe bai taɓa ba, kamar lanƙwasar gwiwar hannu da fatar ido, wanda ke sa a yi zaton ƙazuwa ce. Idan ana shakkar makero, a kankaro ɓawon fatar a duba a madubin likita kafin a ci gaba.

Dole in tsaya kan man shafawa. Matasanmu da yawa ba sa zuwa asibiti sai sun gama da mayukan kemis masu haɗe da maganin kumburi mai ƙarfi irin su kulobetasol da betametason, wasu kuma suna shafa irinsu kullum a duk jiki don hasken fata. Waɗannan mayuka suna yi wa cutar abin da toka ke yi wa garwashi, sama ya yi sanyi, wutar na nan a ƙasa. Suna sauya kamannin ƙurajen, kuma idan ana shafa su a gadon baya, inda ake manna filasta, za su iya danne sakamakon gwajin filasta ya fito babu komai alhali akwai. Tambayar "wane mai kike shafawa?" ba ta wadatarwa, domin mai yin bilicin ba kasafai take amsawa ba. Gara a ce ta zo da duk mayukanta a leda, a karanta jikinsu tare, ba tare da an kunyata ta ba.

Gwajin filasta

Josef Jadassohn ne ya gabatar da wannan gwaji a 1895, Bruno Bloch ya faɗaɗa shi, kuma har yau babu abin da ya maye gurbinsa. Gwajin jini na alajin abinci da gwajin tsira fata da allura suna auna wani nau'in alaji ne daban, mai fitowa nan take, don haka ba su da abin cewa a kan nikel. Kuɗin da majiyyaci zai kashe a kansu asara ce.

Yadda ake yi ba shi da wuya. A jerin gwajin Turai ana amfani da gishirin nikel salfet, kashi 5 cikin ɗari a cikin basilin. A Amurka ta Arewa kashi 2.5 aka daɗe ana amfani da shi. Ana sa kimanin miligiram 20 a cikin ɗan ƙaramin faifan alminiyom mai faɗin milimita 8, irin wanda Veikko Pirilä na ƙasar Finlan ya ƙirƙiro, a manna a saman baya, a kauce wa tsakiyar ƙashin baya, a zana alama da alƙalami a gefe. Ba a gwada nikel shi kaɗai. Ana manna sauran sinadaran jerin tare da shi, domin mai alajin nikel sau da yawa yana da na kobalt ko faladiyom, kuma mai ƙurajen wuyan hannu zai yiwu sinadarin jima da ke cikin fatar agogo ne ke damunsa. Bayan awa 48 a cire filastar, a jira aƙalla kwata na awa kafin karatun farko. A sake dubawa a rana ta uku ko ta huɗu, sannan a rana ta bakwai, kamar yadda ƙa'idar ƙungiyar masana wannan fanni ta Turai ta 2015 ta tanada. Idan an manna ranar Litinin, a cire Laraba, a duba Alhamis ko Juma'a, a sake dubawa Litinin mai zuwa.

Na san abin da wasu za su ce: wa zai dawo asibiti sau huɗu, ga kuɗin mota, ga makaranta ko wurin aiki? Gaskiya ne. To idan dole sai an rage, kada a rage karatun rana ta uku ko ta huɗu. Karatun ranar cire filasta shi ne mafi rauni. A ranar, matsi da gumi kaɗai suna iya sa wuri ya yi ja, kuma alaji na gaskiya wataƙila bai gama fitowa ba. Fusatar fata takan lafa bayan an cire filasta, alaji kuwa yakan ƙaru ko ya tsaya yadda yake. Sai an ga wurin sau biyu ake gane wanne ne.

Ma'aunin karanta sakamako da ƙungiyar binciken wannan fanni ta ƙasa da ƙasa ta kafa yana da matakai: ja kaɗai, wanda ake ɗauka abin shakka, ja da tauri, alamar tarawa ɗaya, ja da tauri da ƙananan ƙuraje masu ruwa, tarawa biyu, ƙurajen da suka haɗe suka zama bororo, tarawa uku. Kowane mataki ya fara da ja. A nan ne matsalarmu take. A fatar da ta yi duhu sosai, jan yana iya ɓacewa gaba ɗaya, ko ya fito kamar ɗan duhu ko shuɗi-shuɗi. Likitan da ya tsaya daga nesa ya leƙa bayan majiyyaci a ɗaki mai ƙarancin haske zai rubuta babu komai, ya sallami mai cuta. Shawarata ita ce a karanta da yatsa. A kai majiyyaci kusa da taga, ko a haska tocila daga gefe yadda inuwa za ta nuna tudun fata, sannan a shafa kan yatsa daga lafiyayyar fata zuwa cikin da'irar. Idan akwai alaji za a ji wurin ya ɗan taso, ya yi tauri, ya cika da'irar ko ya ɗan wuce ta. Taurin shi ne shaida. A kuma gaya wa majiyyaci tun kafin a fara cewa wurin zai iya barin baƙin tabo na makonni ko watanni, domin budurwar da ke shirin aure tana da haƙƙin ta san haka ta zaɓi lokacinta.

Nikel yana da wata ɗabi'a da ke ruɗin sabon mai karatu. Yakan fito da 'yan ƙuraje masu farin kai, warwatse a bakin ramukan gashi, ba tare da tauri a tsakaninsu ba, musamman ga masu kircin gado. Wannan fusata ce, kada a rubuta ta a matsayin alaji. Haka kuma idan wani sinadari ya yi mummunan tashi, maƙwabtansa a kan filasta suna iya tashi na ƙarya. A irin wannan hali sai a bari baya ya huce na wasu makonni a sake gwada nikel shi kaɗai.

Sai yanayinmu. A watannin Maris zuwa Mayu, a garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Yamai, filasta ba ta cika kwana biyu a bayan mai gumi ba tare da ta saki ba, kuma filastar da ta saki sakamakonta banza ne. A ƙara ɗaure ta da wata filastar a sama, a hana ƙwallo da aikin ƙarfi da rataya jaka a baya. Idan ba gaggawa, lokacin sanyi ya fi. Alwala ba ta shafar gwajin, amma wanka yana shafarsa, saboda haka a tattauna da majiyyaci a fili, a zaɓi kwanakin da ba a sa ran wankan wajibi zai faɗo a ciki. Mai shafa maganin kumburi a baya ya dakata aƙalla mako guda. Mai shan firedinisolon da yawa a jira ya rage ko ya gama. Ƙwayoyin maganin ƙaiƙayi irin na mura ba sa hana gwajin. Mai juna biyu akan jinkirta mata.

Gwada ƙarfen, da tambayar da ta rage

Ko gwaji ya nuna tarawa biyu, aiki bai ƙare ba. Abin da ya tabbatar shi ne jikin mutumin ya san nikel. Bai ce nikel ne ya kawo ƙurajen da suka kawo shi asibiti yau ba. Yarinyar da aka huda wa kunne tana jaririya, kamar yadda ake yi wa yawancin 'ya'yanmu mata, za ta iya ɗaukar alajin tun lokacin, amma ƙurajen hannunta na yau su zama na omo da wanke-wanke. Dole a nemo ƙarfen da ke taɓa wurin, a kuma nuna yana sakin nikel.

A nan ne sinadarin daimetilgilayokzim, wanda ake taƙaitawa DMG, yake da rana. Masanin kimiyya ɗan Rasha, Lev Chugaev, shi ya gano a 1905 cewa yana canza launi idan ya haɗu da nikel. Ana ɗiga shi tare da ruwan amoniya a kan auduga, a goga a jikin ƙarfen kamar rabin minti. Idan audugar ta koma ruwan hoda, ƙarfen yana sakin nikel. Jacob Thyssen da abokan aikinsa a Denmak sun auna ingancinsa a 2010, suka samu cewa idan ya nuna launi kusan kullum gaskiya ne, amma yana kama kusan kashi 60 ne kawai na kayan da ke sakin nikel fiye da ƙima. Don haka launi hujja ne, rashin launi kuwa bai wanke ƙarfe ba, musamman sabon kaya da fentinsa bai goge ba tukuna. A goga a gefen da ke taɓa fata, a inda ya fi lalacewa. Kuma a yi a gaban majiyyaci. Wanda ya ga audugar ta canza launi a kan agogonsa ba ya buƙatar dogon wa'azi.

Kalmar "gwal" ma kada ta rufe bincike. Farin gwal yana iya ƙunsar nikel, sarƙar da aka yi wa ruwan gwal kuma sau da yawa akwai shafin nikel a ƙarƙashi, wanda ke bayyana idan ruwan ya goge. Amarya da ta fara ƙuraje a wuya watanni kaɗan bayan biki, a ce ta kawo sarƙoƙin lefenta.

Hujja ta ƙarshe ita ce warkewa. A raba fata da ƙarfen, a ba da maganin shafawa na ɗan gajeren lokaci, a sake ganin majiyyaci bayan wata guda. Idan ƙurajen sun tafi ba su dawo ba, an gano cutar. Idan suna nan, a koma baya a sake lissafi.

Ina da jan hankali ɗaya kan abinci. Gaskiya ne akwai nikel a wake, waken suya, gyaɗa da koko, kuma wasu ƙalilan masu alaji mai tsanani ƙurajensu kan tashi idan sun ci nikel da yawa. Amma hana ɗalibi wake da gyaɗa saboda ƙurajen kan bel zalunci ne, domin su ne abincin gina jiki da aljihunsa ke iya saye. Kada a taɓa abinci sai an kawar da duk ƙarfen da ke taɓa fata, cutar kuma ta ƙi lafawa.

Abin da ya rage gare mu

Denmak ta kafa dokar taƙaita nikel a kayan da ke taɓa fata a 1990. Tarayyar Turai ta bi sahu a 1994, inda ta ƙayyade cewa kada kaya su saki fiye da maikurogiram 0.5 a kowane murabba'in santimita a mako, daga baya ta ƙayyade na abin da ake sawa a cikin huda a kan 0.2. A Denmak, alajin nikel a tsakanin mata masu shekara 18 zuwa 35 ya sauka daga kashi 19.8 a 1990 zuwa 11.4 a 2006. Da alƙaluman gwajin filasta aka shawo kan mahukunta suka yi dokar, da su kuma aka auna amfaninta.

Saboda haka ina kira ga sassan kula da fata na asibitocin koyarwa da ke yankinmu su mayar da gwajin filasta aikin yau da kullum, su ajiye kwalbar DMG a kan teburin duba marasa lafiya, su koya wa likitoci masu neman ƙwarewa karanta sakamako da yatsa, su kuma rubuta abin da suka samu da tsari iri ɗaya yadda za a iya haɗa shi wuri guda. Ina roƙon Ƙungiyar Likitocin Fata ta Najeriya ta jagoranci wannan aiki, ta haɗa da gwada 'yan kunne da kan bel da ake sayarwa a kasuwanninmu, domin mu je gaban hukumomin kula da ingancin kaya da alƙalumanmu a hannu.